Scenery na Ryo Fukui: Tambayoyi da Amsoshi Kan Faifan da Ya Yi Barcin Shekara Arba'in

Duk mai neman kiɗan da zai taya shi aikin dare a YouTube, da wuya bai taɓa cin karo da wani hoto ja jawur mai ɗauke da fuskar wani Bajapane ba. Sunan faifan Scenery, mai shi kuma Ryo Fukui. Tun da na fara kunna wa abokai shi tambayoyi ke ta zuwa, wasu na neman sani, wasu na tsokana. Ga waɗanda suka fi yawan dawowa.

Wane irin faifai ne, kuma yaushe aka yi shi?

Kiɗan jaz ne zalla, babu muryar mawaƙi ko ta miskala zarratin. Mutum uku suka yi shi: mai piyano, mai bes da mai ganguna. An ɗauke shi ranar 7 ga Satumba, 1976, a zauren Yamaha da ke birnin Sapporo, kamfanin Trio Records kuma ya fitar da shi. Kiɗa shida ne a ciki, uku a kowace fuskar faifan garmaho, duka-duka minti arba'in da 'yan kai. Kalmar Scenery ta Turanci ce, tana nufin shimfiɗar ƙasa da ido ke hangowa, da tsaunukanta da itatuwanta.

Ku lura da ranar. Rana ɗaya ce tak. Ba a yi wata uku ana gyara ana liƙe-liƙe da kwamfuta ba, domin babu ma kwamfutar yin hakan. Mutum uku suka zauna, aka kunna na'ura, suka kaɗa.

Wane ne Ryo Fukui?

An haife shi ranar 1 ga Yuni, 1948, a Biratori, wani ƙaramin gari a tsibirin Hokkaido. Hokkaido shi ne na can ƙuryar arewa cikin manyan tsibiran Japan huɗu, ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara, da gonakin dankali da kiwon shanu. Biratori kuwa an fi saninsa da ƙauyen Nibutani, ɗaya daga cikin cibiyoyin al'adun mutanen Ainu, 'yan asalin tsibirin. Ba gari ba ne da za a ce ana jiran fitowar makaɗin jaz daga cikinsa.

Yana ɗan shekara 18 ya fara da akodiyan, abin kiɗan nan da ake rungumewa a ƙirji ana ja ana matsewa kamar zugazugin maƙeri. Piyano sai da ya kai 22. Ya je Tokyo ya yi zaman neman hannu, inda ya haɗu da Hidehiko Matsumoto, shahararren mai busa saksofon da ake yi wa laƙabi da Sleepy, wanda ya ba shi shawarwari ya kuma ƙarfafa masa gwiwa. Daga baya ya koma arewa, ya kafa ƙungiyarsa ta mutum uku a Sapporo. Yana da shekara 28 ranar da aka ɗauki Scenery. Ya rasu ranar 15 ga Maris, 2016, yana da shekara 67, bayan fama da cutar daji.

Da gaske bai fara piyano ba sai yana ɗan shekara 22? Ko dai ƙarin gishiri ne?

Gaskiya ne, kuma shi ya koya wa kansa. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, amma a harkar piyano gemu yana hana abubuwa da yawa. Galibin waɗanda suka yi suna sun fara ne tun ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa idan sun hau kujerar, lokacin da yatsu ke da taushi, suna karɓar duk abin da aka ɗora musu. Wanda ya fara da girma sai ya yi ta kokawa da hannun hagunsa, domin a piyano hannu biyu aiki biyu suke yi daban-daban a lokaci guda.

Sai dai akwai abin da masu yaɗa labarin ke mantawa, saboda labarin ya fi daɗi idan an cire shi. Shekaru huɗun da ya yi da akodiyan ba a banza suka tafi ba. Irin akodiyan da aka fi sani yana da maɓallai farare da baƙaƙe a ɓangaren dama, jerinsu ɗaya da na piyano, kuma mai kaɗa shi dole ya san yadda sautuka ke haɗuwa su ba da amo guda. Saboda haka ba daga sifiri ya taso ba. Duk da haka, daga fara koyo zuwa fitar da faifai irin wannan cikin shekara shida abin a jinjina ne. Ni dai na shekara shida ina alƙawarin koyon gurmi, har yau yana rataye a bango.

Su wane ne sauran biyun? Ba a cika jin sunansu ba.

Satoshi Denpo ne mai bes, Yoshinori Fukui kuma mai ganguna. Kuma wannan rashin ambaton nasu yana ci mini rai, domin rabin daɗin faifan a hannunsu yake.

Bes ɗin da ake magana ba irin na lantarki ba ne da ake ratayawa a kafaɗa. Ƙaton abu ne na katako mai tsirkiya huɗu, tsayinsa ya kai na mutum, ana kafa shi a ƙasa a tsaya a bayansa ana tsinkar tsirkiyoyin da yatsa. Aikinsa ya yi kama da na 'yan amshi a wajen mawaƙinmu na gargajiya: su ne ke riƙe gindin waƙa, jagora ya tafi yawonsa, ya yi kirari, ya yi zambo, ya dawo ya tarar da gida yana nan inda ya bar shi. Denpo ba mai son nuna kai ba ne. Takunsa ɗaya bayan ɗaya, mai nauyi, ba gaggawa. Idan Fukui ya ɗauki zafi yana neman kufcewa, wannan takun ne ke riƙe shi.

Yoshinori kuwa akasin haka. Mai zuga ne. Saurari yadda yake kaɗa faranti na tagulla da hannun dama ba ƙaƙƙautawa, hannun hagu kuma yana jefa ƙananan duka a tsakanin jimlolin piyano, kamar mai cewa "ƙwarai, faɗa musu!" Ba tsaron lokaci kaɗai yake yi ba, hira yake da mai piyanon. Su ukun ne kuma suka sake haɗuwa a shekarar da ta biyo, 1977, suka yi faifai na biyu, Mellow Dream.

To idan babu waƙa, me ake saurare? Ni ji nake kamar suna ta buge-buge kawai.

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma ba ta jahilci ba ce. Kunnen da ya taso da waƙar Hausa magana yake bi. Mu a wajenmu kiɗa bawan waƙa ne, baitin ake jira. Ko kalangu da ba shi da baki, daɗinsa shi ne yana faɗin magana, wanda ya san take yana ji.

Ga yadda jaz irin wannan ke tafiya. Da farko makaɗan za su kaɗa karin wata sananniyar waƙa kamar yadda aka rubuta ta, sau ɗaya. Karin yana zaune ne a kan wani jerin amo da ke zagayawa, mafi yawa gaɓa 32 kafin ya dawo farko. Da an gama wannan gabatarwa sai a ajiye karin, a bar jerin amon yana ta zagayawa a ƙasa, mai piyano kuma ya shiga ƙirƙirar sabon kari nan take a kansa. Ba a rubuce yake ba. Idan aka ce ya maimaita gobe, wani abu daban zai fito. Wani lokaci a ba mai bes nasa zagayen, a ba mai ganguna nasa. A ƙarshe a koma kan karin farko a rufe.

Saboda haka dabarar ita ce ka riƙe karin farko a ranka. Ka riƙa rera shi a zuci yayin da mai piyano ke yawo. Za ka ga yana kusantarsa, yana nisa da shi, yana tsokanarsa, wani lokaci ya yi kamar ya ɓata sai kwatsam ya faɗo daidai kan gaɓa. Wanda ya taɓa zama gaban mawaƙin da ake jefa wa sunan baƙo yana tsaka da waƙa, ya saƙa sunan cikin baiti ba tare da kiɗa ya karye ba, ya riga ya san daɗin da ake nema a nan. Bambancin kawai yatsu ne ke yin abin, ba harshe ba.

Kiɗe-kiɗen shida duk nasa ne?

A'a, ɗaya ne kawai nasa, wato na ƙarshe, wanda faifan ya ci sunansa. Huɗu tsofaffin waƙoƙi ne da kowane makaɗin jaz ya sani kamar yunwar cikinsa. "It Could Happen to You" ta Jimmy Van Heusen da Johnny Burke ce, daga shekarun 1940. "I Want to Talk About You" ta Billy Eckstine ce, wadda John Coltrane, shahararren mai busa saksofon na Amurka, ya mayar da ita tamkar tasa. "Willow Weep for Me" wata mata ce ta rubuta ta, Ann Ronell, a 1932. "Autumn Leaves" kuwa asalinta daga Faransa take, Joseph Kosma ya yi karin, Jacques Prévert ya rubuta baitocin, kafin Johnny Mercer ya yi mata na Turanci.

Ɗayan da ya rage, "Early Summer", na wani ɗan ƙasarsa ne, Hideo Ichikawa, shi ma mai piyano, wanda ya yi suna a ƙungiyar makaɗin ganguna George Otsuka. Mutane da yawa suna ɗauka Fukui ne ya rubuta shi. Ba shi ba ne.

A jaz kaɗa waƙar wani ba abin kunya ba ne, ba kuma sata ba ce. Nan ne ma ake gane gwani, domin kowa ya san yadda manya suka kaɗa ta, ana jira a ji kai me ka zo da shi.

Da wanne zan fara?

Da "Early Summer", wanda ya rufe fuska ta farko. Ya haura minti goma, kuma shi ne dalilin da ya sa yawancin mutane suka kamu da faifan.

Yana farawa a hankali, kamar mutum na leƙa waje ya ga ko gari ya waye. Sai kari ya bayyana, mai sauƙi, wanda za ka iya rera shi bayan ji ɗaya. Daga nan wuta ta fara ruruwa. Hannun hagu na Fukui yana dukan amo masu nauyi yana maimaitawa, hannun dama yana gudu sama da ƙasa, ganguna suna ƙara matsowa, har a kai inda za ka ce yanzu wani zai faɗi. Ba mai faɗuwa. Sai a bar wa Yoshinori fili shi kaɗai, ya yi ta ɓarin ganguna, kafin a dawo a sauke kiɗan. Sunan yana nufin farkon bazara, amma a tuna bazarar Hokkaido ake nufi, inda mutane suka yi wata da watanni cikin ƙanƙara suna jiran rana. Abin da bazara take a wajensu ya fi kusa da abin da ruwan farko yake a wajenmu: ƙamshin ƙasa, da yara suna fita da gudu.

Bayan shi sai ka koma farkon faifan. "It Could Happen to You" tana buɗewa da piyano shi kaɗai, yana jan kari yadda ya ga dama, sannan sauran biyun su shigo tare, kiɗan ya miƙe tsaye. Wannan shigowar kaɗai na maimaita ta ba adadi.

Me ya haɗa Japan da jaz tun farko? Ba kiɗan baƙaƙen Amurka ba ne?

Nasu ne, a New Orleans ya tsiro. Amma ya isa Japan da wuri, tun shekarun 1920, ta tashoshin jiragen ruwa irin su Yokohama da Kobe. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta hana shi a matsayin kiɗan abokan gaba. Da aka gama yaƙi sojojin Amurka suka mamaye ƙasar daga 1945 zuwa 1952, kuma gidajen shaƙatawarsu na buƙatar makaɗa. Samarin Japan da ke neman abin kai wa baka suka koyi kiɗan a can. Toshiko Akiyoshi na cikinsu: Oscar Peterson, babban mai piyano ɗan Kanada, ya ji ta tana kaɗa piyano a Tokyo, ya yi mata hanya aka ɗauki faifanta na farko a 1953, a 1956 kuma ta tafi makarantar kiɗa ta Berklee a Boston. A watan Janairun 1961 Art Blakey, makaɗin ganguna na Amurka, da ƙungiyarsa suka zagaya Japan, aka karɓe su kamar sarakuna, jaz ya shiga gidajen talakawa.

Akwai kuma wani abu da Japan ta ƙirƙiro da kanta, wato jazu kissa. Shagon shan kofi ne, amma ba don hira ake zuwa ba. Mai shagon yana da dubban faya-fayai da manyan lasifikoki, ka sayi kofi ɗaya ka zauna awa biyu kana saurare, a wasu shagunan ma an hana magana ɗungurungum. Dalilinsa tsada ce. Har zuwa 1971 dalar Amurka ɗaya yen 360 ce, faifan da aka shigo da shi daga waje ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Shagon Chigusa na Yokohama tun 1933 aka buɗe shi. A irin waɗannan wurare ne makaɗan da ba su je makaranta ba suka yi karatunsu, da kunne.

Me ya sa bai yi tashe ba lokacin da ya fito?

Abu biyu: wuri da zamani. Harkar faifai da mujallu da masu sharhi duk a Tokyo suke, Sapporo kuwa tana da nisan fiye da kilomita 800. Ramin jirgin ƙasa na Seikan da ya haɗa Hokkaido da babban tsibiri sai 1988 aka buɗe shi. Kafin nan, wanda ba shi da kuɗin jirgin sama sai ya sauka daga jirgin ƙasa ya shiga na ruwa, ya yi kusan awa huɗu tsakanin Hakodate da Aomori. Makaɗin da ya zauna a arewa ya zaɓi a manta da shi ke nan.

Zamanin ma ya juya. A tsakiyar shekarun 1970 kayan lantarki ake yayi. Miles Davis, shahararren mai busa ƙaho na Amurka, ya zo Osaka a Fabrairun 1975 da masu gita mai ƙara da amon da ke girgiza bango, aka ɗauki faya-fayai biyu a rana ɗaya. Terumasa Hino, babban mai busa ƙaho na ƙasar, ya koma New York da zama a shekarar. Cikin wannan hayaniya, wani saurayi daga lardi ya fito da piyano na katako yana kaɗa waƙoƙin shekarun 1930 da 1940. Wa zai waiwaya? Kamfanin ma, Trio, asalin sana'arsa ƙera rediyo da kayan sauti ce, shi ne wanda daga baya ya koma Kenwood.

To ina ya shiga duk tsawon shekarun nan?

Bai shiga ko'ina ba, kiɗansa ya ci gaba da yi. Ya riƙa wasa a gidajen jaz, ciki har da Pit Inn na unguwar Shinjuku a Tokyo. A 1992 ya haɗu da Barry Harris. Harris mutumin Detroit ne, mai piyano, ɗaya daga cikin dattawan bibop, wani salon jaz mai sauri, kuma malami ne da ya shafe rayuwarsa yana koyarwa. Fukui ya ɗauke shi uban gida, alhali shi kansa ya haura arba'in. A 1994 ya ɗauki My Favorite Tune, piyano shi kaɗai. A 1999 ya je New York ya yi faifai da Lisle Atkinson a bes da Leroy Williams a ganguna, mutanen da suka saba aiki da Harris.

Amma babban aikinsa shi ne Slowboat, ƙaramin gidan jaz da shi da matarsa suka buɗe a Sapporo a 1995. A nan yake kaɗawa dare bayan dare, a nan kuma matasan makaɗan garin suka riƙa goga kafaɗa da shi. Faifansa na ƙarshe, A Letter from Slowboat, a cikin gidan aka ɗauke shi a 2015, tare da samari biyu da ya girme su nesa ba kusa ba: Takumi Awaya a bes da Ittetsu Takemura a ganguna. Faifai biyar ke nan cikin shekara arba'in. Wani a shekara biyu zai yi su.

Ta yaya faifan ya farfaɗo?

Wani ne ya ɗora shi gaba ɗaya a YouTube a tsakiyar shekarun 2010, na'urar da ke zaɓa wa mutane abin kallo kuma ta ɗauke shi ta riƙa tura wa jama'a. Ɗalibai masu karatun jarrabawa, masu aikin kwamfuta, mutanen da ba su taɓa sayen faifan jaz ba, suka yi ta saurare har aka kai miliyoyi. Jan hoton ya taimaka, yana fizgar ido cikin jerin hotuna. Labarin mutumin da ya fara a makare shi ma ya taimaka. A 2018 kamfanin We Release Jazz na birnin Geneva ya sake buga Scenery da Mellow Dream a faifan garmaho, a shekarar ne kuma kamfanin BBE na Ingila ya fara fitar da jerin J Jazz, wanda ya tono wasu makaɗan Japan da aka manta.

Abin da ke da ɗaci shi ne lissafin shekarun. Fukui ya rasu a farkon 2016, daidai lokacin da guguwar ke tasowa. Mafi yawan masu sauraronsa a yau sun san shi ne bayan ƙasa ta rufe masa ido.

Shi ne faifan jaz mafi kyau da Japan ta taɓa fitarwa, kamar yadda ake faɗa?

A'a, kuma ba na jin masoyinsa na gaskiya zai ce haka. Na'urar YouTube ba alƙali ba ce, abin da aka danna take turawa. Akwai wuraren da za ka ji hannun Fukui ya yi nauyi, akwai inda yake komawa kan dabara ɗaya fiye da kima. Idan ana maganar zurfin tsari, abin da Toshiko Akiyoshi ta yi a Kogun na 1974, inda ta haɗa babbar ƙungiyar masu busa da gangunan gargajiyar Japan, ya wuce nan. Idan tsabtar sauti da laushin hannu ake so, a nemi Misty na Tsuyoshi Yamamoto, shi ma na 1974, daga kamfanin Three Blind Mice. Fukui kansa ya fi gwaninta a faifan New York.

Amma gwaninta daban, yunwa daban. A Scenery kana jin mutumin da ya san ya makara, aka ba shi rana ɗaya, ya zuba duk abin da yake da shi bai rage na gobe ba. Wannan ba ya samuwa sau biyu, ko a wajen mutum ɗaya. Shi ya sa nake komawa gare shi fiye da faya-fayan da na san sun fi shi.

Mellow Dream fa, ya kai shi?

Wasu ma sun fi son sa. Ya fi natsuwa, kuma kiɗan da Fukui ya rubuta da kansa sun fi yawa a ciki. Akwai wani mai suna "Baron Potato Blues", sunan wani irin dankalin Turawa ne da Hokkaido ta shahara da nomansa. Mutumin da ya raɗa wa kiɗa sunan dankalin garinsu ba mai shirin ƙaura Tokyo ba ne.

Sai na sayi faifan garmaho kafin in ji daɗinsa?

Ko kusa. Bugun asali na 1976 ya zama kayan masu tara faya-fayai, musamman idan yana tare da obi, 'yar siririyar takardar nan da Japanawa ke naɗawa a gefen kwalin faifai. Kuɗinsa ba na wasa ba ne, kuma ba zai ƙara maka ko sauti ɗaya da babu a intanet ba.

Abu ɗaya kawai nake roƙo: kada a saurare shi ta lasifikar waya. Na yi wannan kuskuren kusan wata guda, ina ta mamakin me ake yabo a wajen mai bes, ashe wayar ce ke haɗiye shi gaba ɗaya, ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da amo mai kauri. Wani dare da sanyin hunturu aka ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit, na ari abin sawa a kunne na ƙanena na kunna "Willow Weep for Me". Sai ga Denpo a can ƙasa, yana takunsa ɗaya bayan ɗaya, ashe tun farko yana nan. Ko na dubu biyu ne a kasuwar 'yan waya ya wadatar, in dai kunne biyun duka suna aiki.